Robar da Na Sa a Baki

Wani shagon kayan nutso a High Point Road, can ƙasar Turawa, ya shirya koya wa yara numfashi a ƙarƙashin ruwa, kyauta, don ya jawo iyayensu. Ina 'yar shekara tara, Baba yana karatu a jami'a. Shi ya kai ni wurin ninkayar wata Asabar da la'asar.

Tukunyar iska ɗaya ce, robar baki ɗaya. Mai shagon, wani Bature jajir, yakan zare robar daga bakin yaro, ya ɗan kaɗa ta a ruwa, ya cusa wa na gaba. Ni kaɗai ce baƙa a layin. Da aka zo kaina na nutse, na ja numfashi, kumfa tana tashi. Wallahi ban so fitowa ba.

Ina ɗagowa ya karɓi robar da yatsu biyu. Ya fita daga ruwan, ya tsoma ta a bokitin maganin wanke banɗaki, ya yi ta dirza, yara suna kallo. Warin ya cika wurin.

Na dubi Baba. Ya gani sarai. Ya miƙo mini tawul, ya yi wa mutumin godiya, har da murmushi. A mota ya ce, "Yi haƙuri, uwata. Baƙi ne mu."

Baba dai na yafe masa, da ƙyar. Wancan kuwa, duk ranar da nake wanke banɗakina sai fuskarsa ta faɗo mini, kuma can ne ya dace da ita.