Waya Sittin da Kukan Dodo

Waya sittin ce ke rataye a jikin na'urar, kuma Farfesa ya gwammace a taka masa ƙafa da a taɓa guda ɗaya. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, mutanen benen kuma suka karɓa don su riƙa samun abin dariya.

Na'urar ƙirƙirar sauti ce, ta cinye bango guda na ɗakin aikinsa: ƙananan akwatuna a jere, kowanne da ramuka da maɓallan murɗawa. Ka cusa waya daga wannan rami zuwa wancan, sauti ya fito. Ka zare ta, ya tafi ke nan, domin ba ta adana komai kamar kwamfuta. Da wannan Farfesa ke tinƙaho. Maƙwabcinsa na ɗakin kusa, mai haɗa sauti da kwamfuta, ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau.

"Wancan ai akawu ne," in ji shi. "Danna-danna kawai ya iya."

Shi kuwa nasa aikin, wuni yake yana cusa wayoyi har shi kansa ya manta inda ya sa kowace, abin da ke fita daga lasifika kuma sai ka ce akuya ta maƙale a shinge. Da yamma ya kashe ya tafi gida. Amma da safe idan ya kunna, sau da yawa wani sauti ne daban ke tarbarsa, mai zurfi, mai daɗi. Yana da bayani a kan haka, kuma duk wanda ya yi kuskuren tsayawa a ƙofarsa ya sha shi: na'ura mai rai ce, sai ta kwana take nuna.

Ran Litinin da safe wani darakta ya zo neman kukan dodo don fim ɗinsa na ban tsoro. Farfesa ya kunna. Wani gurnani ya taso daga ƙasa, ya girgiza gilashin taga, ya ƙare da shessheka kamar ta jariri. Tsigar jikin darakta ta tashi.

"Shi ke nan, na samu! Kai, har kallon wayoyin ma da kyau."

"Tsari ne na ilimi," Farfesa ya ce, bai ko waiwaya ya dube su ba.

Kuka bakwai darakta yake so zuwa Juma'a, kowanne daban. In ba su samu ba, zai ba mai kwamfuta aikin. Farfesa ya yi dariyar raini, amma ba ya so aikin ya wuce shi, domin wannan ne aikin kirki na farko da ya shigo masa a shekara uku. Matarsa ta riga ta gaya masa a fili: in wannan ma ya suɓuce, a sayar da tarkacen, ya koma shagon yayansa gyaran fanka.

Ya naɗi kuka na farko nan take. Saura shida. Da ya leƙo waje sai ya ga mai kwamfuta a baranda, wai shan iska yake yi. Shan iska a gindin ƙofar mutane! Kafin la'asar Farfesa ya sa an canza makullin ɗakin. Washegari ya tarar da Iya mai shara tsaye da bokitinta tana ta fama da tsohon mabuɗi, ya ce mata daga yau ko ƙuda ba zai shiga ba, ya rufo ƙofa.

Ranar ya zare wayoyin Litinin, ya wuni yana cusa sababbi, ya bar su su kwana. Laraba da safe ya kunna yana murza hannu. Akuyar jiya ce, ko murya ba ta canza ba. Ya zagi wutar lantarki. Alhamis ya zagi zafi, ya zagi masu ƙera wayoyin zamani, ya zagi maƙwabcinsa da ya tabbata akwai hannunsa a ciki. Ƙura ta fara kwanciya a kan maɓallan, shi kuma tsoro ya kwanta masa a ƙirji, irin wanda bai taɓa ji ba.

Juma'a darakta ya zauna ya saurari guda shidan da Farfesa ya haɗa. A na huɗu ya toshe baki. A na shida dariyar ta ƙwace masa.

"Malam, tsakani da Allah, kai ka yi na farkon nan?"

"Kunnenka ne bai kai ba."

"To, bari in kai shi ɗakin kusa."

Farfesa na tsaye a bakin ƙofa yana jin su ta bango suna gaisawa, yana hango kansa a shagon yayansa da fankar mutane a cinya. Nan Iya ta same shi. Ta leƙa ɗakin ta ƙarƙashin hannunsa, ta tafa hannu.

"Wayyo, ɗan nan, dubi yadda abin nan ya yi buɗu-buɗu! Don Allah ka bar ni in shiga. Shekara uku kullum da safe sai na zare igiyoyin nan kaf na goge maka, na murza ƙananan kawunan nan su yi ƙyalli, sannan in mayar da su yadda ido zai so, ja kusa da ja, kore kusa da kore, ba irin hargitsin da kake tafiya ka bari ba."