Robar Haƙori ta Inna

Har yau in na ji warin roba a ruwan zafi, sai in tuna wata la'asar a gidanmu na Kabo, shekarar da aka fara Shari'a, komai ya yi tsada.

Inna ta hana Yaya Sani buga ƙwallo tun da aka karya wa ɗan maƙwabta haƙori. Ran nan kuwa za su kara da 'yan garin Gammo, sai kuka yake. Malaminsu ya ce akwai robar da ake sawa a baki, amma sai a Kano.

Inna ta yanki sabon silifas ɗinta da ko takawa ba ta yi ba, ta dafa guntun ya yi laushi, ta ce sai ta gwada da bakinta tukuna. Tana cikin cizawa Baba ya yi sallama. Ta so amsawa, ina!

Baba ya jingine kekensa, ya dube ta.

"Amarya, cire abin nan. Wushiryar da na yi ta taka keke har garinku Jama'a dominta za ki rufe min?"

Inna ta furzar, ta ja mayafi kan fuska, kafaɗunta na rawa don dariya. "Haba Malam, ga yara fa!"

Yaya ya ɗauraye robar, ya cusa a baki, ya ruga. Ya dawo da haƙoransa duka.

Jiya na sayo wa ɗana ta kanti, don kullum ya fita ƙwallo gabana faɗuwa yake. Ban ba shi ba tukuna. Na jira har na ji tsayuwar mashin ɗin babansa, sannan na sa ta a bakina.