Magogin Goro a Dandali

Tun da ka ce gobe kai za ka yi sharhin wasan nan, zauna ka ji wannan tukuna. An yi wani malamin makaranta a garinmu da ya shirya wasan kwaikwayo a kan ɗa mai jinyar tsohon ubansa. Ranar da aka nuna shi a dandali bayan la'asar, gari ya ɗauka. Mata na ta rangaɗa guɗa, dattawa na share hawaye da bakin rawani, har mahauta suka bar tukuba suka zo kallo. Ni kaina na yi tafi sai da hannuna ya yi zafi. Da labari ya bazu, aka gayyato wani ɗan garin da ke zaune a birni, mai sharhin wasanni, wanda in ya yaba wasa ya yi gaba, in ya kushe kuwa an binne shi ke nan. Malamin nan ko abincin rana bai iya ci ba don fargaba. Aka sake wasan, gogan naka ya kalla yana kaɗa ƙafa, sannan ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce wasa ba laifi, amma wuri guda ya kashe shi, inda ɗan ya zauna shiru yana goga wa uban goro a magogi. Wai ɓata lokaci ne, kuma ba mai yin haka a zahiri. Ai shi ma yana da tsoho, duk wata sai ya aiko masa da ƙwaryar goro fari sol, kula kuma ba ta wuce haka.

Ashe tsohon nasa na cikin taron, a kan tabarma can gefe. Ya ɗaga sanda. Ya ce, "Goronka na isowa, ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Sai dai haƙorana shekara uku ke nan da zubewa, maƙwabta nake raba wa. In marmari ya kama ni, malamin nan ne ke zuwa ya goga mini." Wuri ya kaure da salati. Wasan kuwa aka yi ta yawo da shi ƙauye-ƙauye, ba a cire komai ba. Shi ko mai sharhi, da aka watse, an gan shi tsugune a gaban ubansa, ya kasa ɗaga kai. Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.