Lilon Da Ya Fi Ƙarfin Auta

Tun ranar da ƙanwarta ta turo hotunan yaranta a filin wasa, mai ɗinki ba ta ƙara samun sukuni a kan kekenta ba. Ta ɗinka ta warware, ta ɗauki waya ta sake kallo: fitilu kala-kala, dokunan roba suna zagaye, yara baki har kunne.

A gaban masu kawo ɗinki kushe wurin take yi. "Hayaniya ce kawai, sai tsadar tsiya." Amma a ranta tana sonsa. Tana yarinya ta sha leƙen irinsa ta katanga, ba wanda ya taɓa shigar da ita.

Ƙanwar ta kira ta. "Yaya, ranar Asabar za mu koma. Ki ba ni Auta mu tafi da ita mana."

"'Yata ba 'yar rakiya ba ce. In zuwa ne, ni ma ina da ƙafa."

Kafin Asabar ta rufe shago, ta kama hannun Auta suka tafi. Yarinyar ta hau dokin roba tana ta ƙyalƙyala dariya. Ita ma uwar ta sake, har ta manta da waya a jaka.

Can sai ta tuna yaran ƙanwarta ma sun hau dokunan nan. To me ta fi su da shi? Idonta ya kai kan babban lilon da ke wulwula mutane sama.

Mai kula da lilon ya dubi Auta ya girgiza kai. "Baiwar Allah, ba ta kai ba. Ƙarfen ba zai riƙe ta ba."

Ta ja gefe kamar ta haƙura. Da layi ya cika, hankalinsa ya koma kan karɓar tikiti, sai ta cusa yarinyar tsakanin wasu manyan yara.

"Mama, tsoro nake ji."

"Yi shiru. In ya tashi ki ɗaga mini hannu, ki yi murmushi."

Ta saita waya. Lilo ya ɗauki gudu. Auta ta saki ƙarfe don ta ɗaga hannu, ta sulale ta ƙarƙashinsa, ta faɗo.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, da wuya ta sake tafiya ba ɗingishi. Ƙanwar ce ta fara isowa, mayafi a hannu, ta rungume yayarta tana kuka.

"Yaya, garin yaya ta hau lilon manya?"

Mai ɗinki ta kifa wayarta, ta koma bakin gadon Auta ta zauna.

Da Auta ta farfaɗo, ta nemi uwarta da ido, ta ce a hankali, "Mama, na ɗaga hannun. Kin ɗauka?"

Jama'a, filin wasa don farin cikin yara aka yi shi, ba don gasar iyaye ba. Wutar hassada ba ta kaiwa gidan wanda ake yi wa sai ta fara cinye na jikin mai ita.