Lambar Bangon Zaure

Da dillalin ya iso gida na ƙarshe, ko babur ɗin bai kashe ba.

Wani Alhaji ne daga Katsina ya turo shi. "Manyan gidaje masu sassa da yawa nake so, da arha. Kai dillali ne, kuma ɗan ƙauyen. Nemo min masu su kafin sulhu ya dawo da mutane."

Aikin ba wuya. Duk wanda 'yan bindiga suka kora yakan bar lambar waya rubuce da gawayi a bangon zaure. Tun safe yake kira. Wasu su zage shi, wasu su yi kuka. Shi dai sai ya wuce gida na gaba.

Na wannan gidan kuwa rubutun mahaifinsa ne. Tsohon bai taɓa riƙe waya ba, lambar ɗansa dillalin ya rubuta. Sannan ya kwashi iyali duka suka kama hanyar Batsari. Ba wanda ya isa.

Ya daɗe yana kallon gawayin, sannan ya kira Katsina.

"Ranka ya daɗe, an sami ɗaya."

"Mai gidan ya amince?"

"Ya amince. Ba shi da sauran wanda zai shawarta."