Dashen Lemon Tsohuwa

"Ga dashen lemo na kawo maka, ranka ya daɗe," in ji tsohuwar.

Shugaban gandun daji ya karɓa, bai ma gane ta ba. Bara ya ƙwace gonarta ya killace wa birai. Da ta yi kuka, cewa ya yi, "Iya, irin birin nan ya kusa ƙarewa. Ku kuwa tsutsar ganye ce, ko'ina akwai ku."

Ya dasa kyautar a tsakiyar lambunsa, bai duba ƙwayayen da ke manne a bayan ganyen ba.

Kafin damina ta wuce, tsutsa ta cinye ganyen lambun ta ciki, duk ya nannaɗe.

Tsohuwa ta leƙo ta saman shinge.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Ko'ina akwai mu."