Wa Ya Cinye Datar?

"Aina'u! Wa ya cinye datar gidan nan?"

Ina tsaye a tsakar gida, ƙarƙashin farantin satalayit ɗin da na kafa don intanet saboda cinikin wake. Mai saye a kasuwar Dawanau yana jiran hoton buhunana, saƙo ya ƙi tafiya. Datar da ake ba mu ta wata guda ta ƙare a kwana tara.

Matata ta fito daga ɗakin Inna, mahaifiyata, hannunta duk man zafi.

"Ni ce, Malam. Wasu shirye-shirye na sauke a talabijin."

"Shirye-shirye! Ina gona rana tana dukana, ke kin miƙe ƙafa kina kallon fim?" Na ɗaga murya har maƙwabta suka yi tsit.

Na faɗa ɗakin, na fizgi rimot zan goge komai. Sai jerin ya fito: kashi goma sha biyu na wani shirin likita, kan yadda ake motsa gaɓoɓin mai shanyewar ɓarin jiki. Babu fim ko ɗaya.

"Ja'afaru," in ji Inna daga kan katifa, "kullum sai ta kalla, sannan ta gwada a kaina. Ba ni abin nan."

Ta miƙo hannu ta karɓe rimot ɗin.

Da hannun dama ta karɓa. Shekara guda ke nan bai motsa ba, kuma ni ɗanta ban taɓa zama na murza mata shi ba ko sau ɗaya.